Tsohuwar kwamfuta a gida: abin da ya faru a makarantun Faransa a 1985

A Dakoro, kwamfutar da ke shiga gidan malami ko ɗan kasuwa galibi ta hannu ce, wadda ta gama aiki a wata ƙasa kafin ta iso mu ta Maradi ko Kano. Iyaye kan tambaye ni: mun saya wa yara, to daga ina za a fara? Amsata tana cikin wani tarihi da ya shafe mu, tun da tsarin makarantunmu na boko daga Faransa muka gaje shi.

A watan Janairun 1985, firaministan Faransa Laurent Fabius ya ƙaddamar da shirin Informatique pour tous, wato kwamfuta ga kowa. An raba injuna wajen 120,000 a makarantu kusan 50,000, mafi yawansu ƙirar kamfanin Thomson, irin su MO5 da ta fito a 1984. MO5 ba ta da allon kanta, da talabijin ake haɗa ta, kuma a kaset irin na rediyo ake adana aiki. Ƙwaƙwalwarta kilobait 48 ce kacal, ko hoto ɗaya na wayar yau ba za ta ɗauka ba. Amma da an kunna ta, yaren BASIC ne ke tarbar mutum, tana jiran umarni. Yaro zai rubuta layi biyu, ya ga sunansa ya cika talabijin.

Matsalar ta fito daga wajen horo. Malamai sama da 100,000 aka horar, amma na ƴan kwanaki ne lokacin hutu. Inda aka dace da malami mai himma, yara sun koyi tsara shirin kwamfuta da hannunsu. A makarantu da yawa kuwa, injunan sun ƙare a kabad. A 1989 Thomson ya daina ƙera su gaba ɗaya.

Abin da na ɗauka daga wannan shi ne, tsufan na'ura ba ya hana yaro koyo, rashin mai zama da shi ne ke hanawa. Kwamfutar da ta shekara goma sha biyar ta ninka MO5 ƙarfi sau dubbai.

Saboda haka, ga inda nake ba da shawara a fara. A raba ta da ƙurar hunturu da zafin bazara, a rufe ta da zane in an gama, a sama mata na'urar daidaita wuta. A duba madannanta: wadda ta fito daga Faransa AZERTY ce, ta Kano kuwa galibi QWERTY, kuma duk biyun ba su da ɓ, ɗ, ƙ da ƴ sai an ƙara tsarin rubutun Hausa. Sannan a sa mata Scratch, manhajar koya wa yara tsara shiri da jami'ar MIT ta Amurka ta fitar a 2007. Tsohon samfurinta na 1.4 yana aiki ba tare da intanet ba.

Kafin a loda mata finafinai, a samu babba guda, uba ko uwa ko malami, da zai riƙa zama da yaron ko da awa ɗaya a mako, har ya iya sa ta yin abin da ya umarce ta.