Tsofaffin Jiragen Yaƙi: Tarihin Da Ya Ratsa Ta Ƙasarmu Bai Bar Sawu Ba

'Yan uwa 'yan asalin Yankwashi da sauran sassan ƙasar Kazaure mazauna birane, da yawanmu mun sha tashi ko sauka a filin jirgin sama na Malam Aminu Kano, wani don aikin Hajji, wani don kasuwanci, amma ƙalilan ne ke tsayawa su tambayi abin da ya taɓa wakana a wannan fili. Ga shi kuwa daga gidajenmu zuwa can tafiya ce da ba ta kai awa biyu a mota ba, kuma a zamanin da za mu yi magana a kansa masarautar Kazaure na cikin Lardin Kano ne. Saboda haka wannan tarihi namu ne, iyaye da kakanninmu sun gan shi da idanunsu, har sun biya wani kaso na kuɗinsa.

A ranar 1 ga Nuwamba, 1925, zamanin Sarkin Kano Usman, jiragen soja uku na Ingila samfurin DH.9A suka sauka a filin sukuwa na Kano, bayan sun taso daga Helwan kusa da Alƙahira a ƙarƙashin jagorancin wani hafsa mai suna Arthur Coningham. Jirage ne masu fikafikai hawa biyu, ƙirar katako da aka lulluɓe da yadi, kowane na ɗaukar mutum biyu. Daga wannan sauka ake ƙirga tarihin zirga-zirgar jiragen sama a Nijeriya, wanda ya cika shekara 100 a 2025.

Shekara 15 bayan haka yaƙin Hitila ya mayar da Kano babban zango. Da tekun Bahar Rum ya zama hatsari ga jiragen ruwan Ingila, sai aka koma kawo jiragen yaƙi cikin akwatuna zuwa Takoradi a ƙasar da ake kira Gana a yau. A can ake harhaɗa su, sannan su tashi ayari-ayari, babban jirgi samfurin Blenheim na ja gaba, ƙananan Hurricane na biye da shi. Suna yada zango a Ikko, Kano da Maiduguri, su ratsa Chadi da Sudan har Masar, tafiyar kusan kilomita 6,000. Ayarin farko ya tashi a watan Satumba na 1940, kuma kafin ƙarshen 1943 jirage fiye da 5,000 sun bi wannan hanya. A daidai lokacin ana tara gudummawar yaƙi a larduna, ana kuma matsa wa manoma su ƙara noman gyaɗa. Da kuɗin da aka tara a ƙasar nan aka sayi jiragen Spitfire, har aka raɗa wa runduna ta 91 ta sojan saman Ingila sunan Nijeriya.

Bayan samun mulkin kai aka kafa rundunar sojan saman Nijeriya a 1964 da taimakon Jamus ta Yamma. Da yaƙin basasa ya ɓarke, a watan Agusta na 1967 manyan jiragen dakon kaya na Tarayyar Sobiyet suka riƙa sauke jiragen MiG-17 a Kano, inda aka harhaɗa su kafin su nufi fagen daga.

To, ina waɗannan jirage suke yanzu? Wanda ke son ganin irin jirgin da ya sauka a filin sukuwa sai ya je Landan, domin DH.9A guda ɗaya tak ya rage a duniya, a gidan tarihin sojan saman Ingila. Labarinsa abin lura ne. Wani basarake Musulmi, Nizam na Haidarabad a Indiya, shi ya biya kuɗinsa. Jamusawa suka kama shi a 1918, suka aje shi a Balin, daga baya ya tsinci kansa a birnin Krakow na ƙasar Folan. A 1977 Ingilishi suka ba da Spitfire sukutum aka musanya musu da gangar jikinsa, suka sake ƙera masa fikafikai. Da ba a san darajar abu ba, da ba a yi wannan ciniki ba.

MiG-17 kuwa, da jirgin jefa bom samfurin Il-28, da ƙaramin jirgin da Biyafara ta yi amfani da shi, ana iya ganinsu a gidan tarihin yaƙi na ƙasa da ke Umuahia, wanda aka assasa a 1985. Suna aje ne a fili, a yankin da ruwan sama ke zuba mafi yawan shekara. Wannan ƙoƙari abin yabo ne, sai dai ɗan makarantar Karkarna ko Roni ko Gwiwa ba shi da halin zuwa jihar Abiya don ya ga abin da aka ɗaura wa fikafikai a maƙwabtansa. Haka nan jiragen Jaguar 18 da aka sayo a 1984, waɗanda suka daina tashi tun farkon shekarun 1990, sun share shekaru a girke a Makurdi.

Wani abin da ya kamata mu sani shi ne busasshiyar iska irin ta ƙasarmu aminiyar ƙarfe ce. A 2012 masu neman man fetur suka tarar da wani jirgin Kittyhawk a hamadar yammacin Masar, wanda ya faɗi tun Yunin 1942. Shekara 70 yana kwance a rairayi, amma kusan komai nasa na nan. Ɓarnar da ta same shi bayan an gano shi ta zo ne daga hannun mutane: aka farfasa wasu sassa, aka kwashe wasu, da aka kai shi gidan tarihin El Alamein kuma aka shafe shi da sabon fenti da bai dace da asalinsa ba, har masana suka yi ta kuka. A wurinmu ma hatsarin ke nan. Jikin jirgi sanholo ne, kowa kuwa ya san inda sanholo ke ƙarewa idan ya faɗa hannun 'yan gwangwan: a narka shi a zuba tukwane da ludaya.

Adana irin waɗannan jirage bai kai tsadar da ake zato ba. Ƙwararru su cire harsasai da sauran abubuwa masu fashewa, a tsiyaye mai, a ɗaga jirgin a kan waigi don kada tayoyi su ruɓe, a toshe kafofi saboda tsuntsaye da ƙurar hunturu, a yi masa rumfa don rana ce ke cinye gilashi da roba. Sannan a rubuta lambarsa da tarihinsa kafin kowa ya kusance shi da fenti, domin jirgin da ba a san labarinsa ba tarin ƙarfe ne kawai.

Me ya rage gare mu? A cikinmu akwai hafsoshi masu ritaya, injiniyoyi, malaman jami'a da ma'aikatan gwamnati. Babu abin da zai hana mu haɗa kai da 'yan uwanmu na Kazaure, Roni, Gwiwa da Babura, tare da neman albarkar masarauta, mu rubuta wa rundunar sojan sama buƙatar a ba da jirgi ɗaya cikin waɗanda aka daina aiki da su, a girke shi ƙarƙashin rumfa a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hussaini Adamu da ke Kazaure, inda ɗaliban injiniya za su koyi aiki a jikinsa, yaran firamare su zo su taɓa shi da hannu.

Kafin wannan ya tabbata, akwai aikin da ba ya buƙatar izinin kowa. Tsofaffin da suka ga zamanin yaƙin Hitila sun kusa ƙarewa, waɗanda suka yi yaƙin basasa kuma yawancinsu sun haura shekara 75. Duk wanda ya je gida hutun Sallah, ya zauna da su ya naɗi bayaninsu a wayarsa, ya ɗauki hoton lambobin yabo da takardun sallama da ke cikin adakarsu, ya miƙa wa sakatariyar ƙungiya. Da zafi-zafi akan bugi ƙarfe.

Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, amin.