Bashin Soja a Wuyan Farar Hula: Tarihin Kudancin Amurka Daga 1902 Zuwa 1989

Masu iya magana kan ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. Sai dai a tarihin ƙasashen da ke kudu da Amurka, tun daga Meksiko har zuwa Ajantina, bashi ya wuce zancen ciki da hanji, ya zama igiyar da ake jan gwamnatoci da ita. Wannan maƙala za ta bi sawun igiyar ne, domin a ga yadda dimokuraɗiyyar da ta dawo wa yankin a shekarun 1980 ta tarar da tukunya babu komai, ga kuma masu bin bashi tsaye a bakin ƙofa.

A watan Disamba na shekarar 1823 ne Shugaba James Monroe ya shaida wa majalisar Amurka cewa ƙasarsa ba za ta lamunci Turawan Yamma su sake kafa mulkin mallaka a wannan sashe na duniya ba. A lokacin maganar fatar baki ce kawai, domin Amurka ba ta da jiragen yaƙin da za ta tsare tekun da su. Sai bayan shekaru kusan 80 aka ga inda maganar ta dosa. A Disamban 1902 jiragen ruwan yaƙi na Ingila da Jamus da Italiya suka toshe tashoshin ruwan Benezuwela, saboda gwamnatin Cipriano Castro ta ƙi biyan basussukan da Turawa ke bin ta. Ministan harkokin wajen Ajantina na wancan zamani, Luis María Drago, ya aika wa Washinton wasiƙa yana mai cewa bai halatta a yi amfani da ƙarfin soja wajen karɓar bashin da ake bin wata ƙasa ba. Amsar da ta fito daga Shugaba Theodore Roosevelt a 1904 ta sha bamban da abin da Drago ya nema. Abin da ya ce, a taƙaice, shi ne idan wata ƙasa ta yankin ta kasa riƙe al'amuranta, to Amurka ce za ta shiga ta gyara, ba Turawa ba. A 1905 jami'an Amurka suka karɓe kwastan ɗin Jamhuriyar Dominika, suna ware kashi 55 cikin ɗari na kuɗin shiga ga masu bin bashi, su miƙa wa gwamnatin ƙasar ragowar. A 1915 kuwa sojojin Amurka suka sauka a Haiti, ba su fice ba sai 1934.

Wato ke nan tun farkon ƙarni na 20 bashi da manufofin waje suka zama Ɗanjuma da Ɗanjummai a wannan yanki. Da Yaƙin Cacar Baka ya kankama, sai aka ƙara musu na uku, wato tsoron kwaminisanci. A 1954 hukumar leƙen asirin Amurka ta CIA ta shirya kifar da zaɓaɓɓen shugaban Gwatemala, Jacobo Árbenz, wanda ya raba wa manoma filayen da ba a nomawa, ciki har da na kamfanin ayaba na United Fruit. Sojoji suka karɓe Burazil a 1964, suka karɓe Cile ranar 11 ga Satumba, 1973, ranar da Shugaba Salvador Allende ya rasu a fadarsa. Ba za mu daɗe a kan waɗannan ba, domin an yi rubuce-rubuce a kansu da yawa. Abin da aka fi mantawa da shi shi ne kuɗin da gwamnatocin sojan suka ranta.

Bayan tashin farashin man fetur a 1973, ƙasashe masu arzikin mai suka jibge dalolinsu a bankunan Landan da Niyok. Bankunan suka rasa inda za su kai kuɗin, sai suka shiga bin gwamnatocin Kudancin Amurka suna tallata musu rance, kamar mai tallan goro a tasha. Yawancin rancen an yi shi ne bisa kuɗin ruwa mai hawa da sauka, kuma a wancan lokaci ruwan ƙasa yake, don haka babu wanda ya damu. A ƙarshen 1979 babban bankin Amurka, a ƙarƙashin Paul Volcker, ya ɗaura aniyar murƙushe hauhawar farashi a cikin gida, kuɗin ruwa ya yi ta hawa har ya haura kashi 20 cikin ɗari. Shawara ce da aka yanke domin Amurkawa, amma a Meksiko ta fara fashewa. A watan Agusta na 1982 ministan kuɗin ƙasar, Jesús Silva Herzog, ya je Washinton ya ce ba za su iya ci gaba da biyan bashinsu na kimanin dala biliyan 80 ba. Nan take bankuna suka rufe wa yankin gaba ɗaya ƙofar sabon rance.

A nan ya kamata a yi adalci. Meksiko ba sojoji ke mulkinta ba, haka ma Benezuwela da ta riƙe mulkin farar hula tun 1958, kuma dukansu sun ci bashi har wuya. Bugu da ƙari, wani kaso mai tsoka na kuɗin bai ko kwana a ƙasashen ba, attajiran gida ne suka mayar da shi bankunan waje da sunayensu. Duk wanda ya ɗora wa Washinton laifin baki ɗaya ya sauƙaƙa wa waɗannan mutane.

Ajantina, ƙasar Drago, ita ce misalin da ya fi fito da al'amarin fili. Sojoji sun hamɓarar da Isabel Perón ranar 24 ga Maris, 1976, a ƙarƙashin Janar Jorge Videla. Takardun sirrin da Amurka ta saki daga baya sun nuna cewa Henry Kissinger ya gana da ministan wajen sojojin a watan Yuni na wannan shekara, ya ba su shawarar su gama abin da za su yi da sauri. Gwamnatin Jimmy Carter ta rage musu tallafin soja daga 1977, amma bankuna ba su daina ba su rance ba. Bashin ƙasar ya tashi daga kimanin dala biliyan 8 a 1976 zuwa kimanin biliyan 45 a 1983. Daɗin daɗawa, gab da faɗuwarsu gwamnati ta ɗauke wa manyan kamfanoni masu zaman kansu nauyin basussukansu na waje, ta aza wa baitulmali. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Da sojojin suka sha kashi a hannun Ingila a yaƙin tsibiran Malbinas a 1982, yaƙin da Amurka ta mara wa Ingila baya a cikinsa, sai suka rasa madafa, suka shirya zaɓe.

Raúl Alfonsín ya hau mulki ranar 10 ga Disamba, 1983. A fagen shari'a ya yi abin da ba a taɓa gani ba a yankin. Hukumar binciken da ya kafa ta tattara sunayen mutane kusan 9,000 da aka ɓatar, ko da yake ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam na cewa adadin ya kai 30,000. A 1985 kotun farar hula ta yanke wa Videla ɗaurin rai da rai. To amma hukunta janar ya fi sauƙi a kan soke takardar bashin da janar ya sa wa hannu. A watan Yuni na 1984 ƙasashe 11 masu ɗauke da bashi suka hallara a Kartahena ta Kolombiya, aka yi zaton za su haɗa kai su tunkari bankuna da murya ɗaya. Hakan bai yiwu ba, domin masu bin bashi sun dage a kan kowace ƙasa ta zo ita kaɗai, ta fara sasantawa da Asusun Ba da Lamuni na Duniya, wato IMF, kafin a saurare ta. Sharuɗɗan kuwa sanannu ne: a karya darajar kuɗi, a janye tallafi, a rage ma'aikata. Alfonsín ya gwada sabon kuɗi mai suna austral a 1985, farashi ya ɗan lafa, sannan ya dawo da ƙarfinsa. A 1989 hauhawar farashi ta haura kashi 3,000 cikin ɗari, talakawa suka fasa shagunan abinci a Rosariyo da wasu garuruwa. Mutumin da ya gurfanar da janar-janar gaban alƙali bai iya kammala wa'adinsa ba, ya miƙa wa Carlos Menem mulki ranar 8 ga Yuli, wata biyar kafin lokaci. A Disamban 1990 Menem ya yi wa Videla afuwa.

Ba shi kaɗai ba ne. A Bolibiya, Hernán Siles Zuazo ya sauka a 1985, shekara guda kafin cikar wa'adinsa, saboda irin wannan masifa ta farashi. A Benezuwela, Carlos Andrés Pérez ya hau mulki a Fabrairun 1989, cikin 'yan makonni ya ƙara kuɗin mai, kuɗin mota ya bi sahu, birnin Karakas ya kama da wuta. Gwamnati ta ce mutum 276 suka mutu, masu bincike da dama na ganin sun fi haka nesa ba kusa ba. Mai karatu ɗan Nijeriya zai tuna cewa a watan Mayu na wannan shekara ɗalibai suka fito zanga-zangar adawa da shirin SAP na Janar Babangida, kuma maganin da aka rubuta wa Legas shi ne aka rubuta wa Karakas. Bambancin shi ne a can zaɓaɓɓun shugabanni ne aka sa su ɗura wa jama'arsu.

Sai a watan Maris na 1989 sakataren baitulmalin Amurka, Nicholas Brady, ya amince a fili cewa dole bankuna su yafe wani sashe na bashin, bayan an shafe shekaru kusan bakwai ana cewa matsalar ta ɗan lokaci ce. Kafin nan bankunan sun samu sararin tara kuɗin ajiya da za su jure asarar. A cikin hafsoshin Benezuwela da suka ga yadda aka tura sojoji su harbi talakawan Karakas har da abokan wani Laftanar Kanar mai suna Hugo Chávez. Ya yi yunƙurin juyin mulki a Fabrairun 1992 bai yi nasara ba, aka ɗaure shi, sannan a Disamban 1998 jama'a suka zaɓe shi shugaban ƙasa da ƙuri'unsu.