Daga zargin uwa zuwa katin hoto

Yau tarihi za mu taɓa, kan yara masu lalurar galahanga, wato otizim, da yadda aka yi ta faɗi-tashi kafin a samo musu hanyar bayyana abin da ke ransu.

A 1943 wani likita a asibitin Johns Hopkins da ke Amurka, Leo Kanner, ya wallafa bayanin yara 11. Wasu ba sa magana, wasu kuma abin da aka faɗa musu kawai suke maimaitawa. Maimakon a tambayi yadda za a taimake su, sai aka juya kan iyaye mata. Wai rashin nuna ƙauna ne, har ana kiransu uwaye masu sanyin firij. Bruno Bettelheim ya ƙara yayata zancen da littafinsa na 1967. Alhali tun 1964 Bernard Rimland, masanin halayyar ɗan Adam wanda ɗansa ke da lalurar, ya kawo hujjoji cewa asalinta daga halittar ƙwaƙwalwa ne. Mu nan har yau sai ka ji ana cewa aljanu ne, ko uwar ce ta jawo. Wallahi zalunci ne.

Inda nake son ku tsaya ku saurara shi ne 1985, a jihar Delaware. Lori Frost, mai koyar da furuci, da Andy Bondy suka ɓullo da tsarin musayar hoto da ake kira PECS. Manya biyu ake buƙata da farko. Ɗaya na riƙe da abin da yaron ke so, a ce biskit, kuma ba zai tambaye shi komai ba. Da yaron ya miƙa hannu, na bayansa sai ya kama hannun a hankali, ya sa shi ya ɗauki katin hoton biskit ya miƙa. Nan take a ba shi, a faɗi sunan abin. Kun gane dabarar? Yaron ne ya fara zancen, ba jiran umarni ya yi ba. Sannu a hankali a janye taimakon, a nisanta katin, a ƙara hotuna ya zaɓa, har ya haɗa "ina son" da hoto ya zama jimla. Matakai 6 ne.

Iyaye kan ji tsoron kada hoto ya hana yaro buɗe baki. Binciken da aka yi bai nuna haka ba, wasu ma daga nan suka fara furta kalmomi. Kayan aikin kuwa, kwali ne da hoton kofinsa na shan koko.