Zangon Daura: Ƙasar Yashi da Jan Zoɓo

Garin Zango yana gabas da birnin Daura, dab da iyakar Nijeriya da Jamhuriyar Nijar, cikin wata ƙasa ta jigawa wadda idan baƙo ya ratsa ta da rani, ya ga yashi ya miƙe iyakar ganin ido, babu kome a kansa sai kututturan kara da itatuwan gawo da kuka jefi-jefi, zai ɗauka ba ta da wani alheri da za ta saka wa mai nomanta da shi. Alhali kuwa ma'abota ƙasar sun gaji ilmin yashin nan kaka da kakanni, har sun san inda gero ke so, da inda gyaɗa ke ƙi.

Asalin ɗaukakar garin ba daga noma ta zo ba, daga sarauta ta zo. Sa'ad da jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya iso wannan nahiya, Malam Isiyaku ya karɓi Daura a shekarar 1805, Sarkin Gwari Abdu, sarkin Daura na lokacin, ya fita da jama'arsa, zuriyarsa kuma ta yi ta sauka tana tashi a ƙauyukan gabas da arewa, har a 1825 aka kafa kujerar mulki a Zango, wani reshe na gidan kuma ya zauna a Ɓaure. Ta haka ƙasa ɗaya ta wayi gari da sarakuna uku, kowanne yana amsa sunan Sarkin Daura. Zaman bai kasance na sakewa ba, domin Zango ta faɗa ƙarƙashin inuwar Damagaram, mai ƙarfi a arewa, Fulani kuma suna yamma da ita. Amma masu sarauta suka riƙe muƙamansu da al'adun fadarsu kusan shekara tamanin, har Turawan Ingila da na Faransa suka raba ƙasar, sa'an nan a 1904 aka mayar da Malam Musa, sarkin Zango, kan gadon kakanninsa a Daura. Ɗansa Abdurrahman ya gaje shi a 1911, ya yi mulki har 1966. Yau Zango hedikwatar ƙaramar hukuma ce a Jihar Katsina, da garuruwa irin su 'Yardaje da Sara da Garni da Kanda a ƙarƙashinta.

To, ita ƙasar fa? Damina a nan gajeriya ce, galibi daga Yuni zuwa Satumba, yashi kuma ba ya riƙe ruwa, yana sha ne ya wuce da shi ƙasa. Saboda haka dawa mai son laka ba ta sakewa sai a kwari, gero ne sarkin jigawa, wake da gyaɗa da riɗi suna bin bayansa. Manomi ba ya sare gawo, domin Allah cikin hikimarsa ya sa itacen nan yana zubar da ganye da damina, lokacin da sauran itatuwa ke tofo, sai ya bar wa shuka rana, ya kuma ba ta taki. Wanda ya dubi tsawon zangarniyar da ta fito a gindinsa ba ya bukatar wata hujja.

Mutanen Faransa sun mai da irin wannan sani fanni mai zaman kansa. A yankin Bordo, inda suke noman inabin jar giyarsu, sun tabbatar cewa tsakuwar Medok, wadda ba ta da ƙarfin taki kuma ba ta tara ruwa, ita ke ba 'ya'yan inabi ɗanɗanonsu, har a 1855 aka jera gonakin daraja-daraja bisa umarnin sarkinsu Napoliyon na Uku. Abin da suke matsa haramun ne a shari'armu, babu ja a kan wannan. Amma lura da suka yi cewa ƙasa mai tsanani takan fitar da amfani mai armashi, lura ce ta gaskiya, kuma manomin Zango ya san ta ba tare da ya karanta ta a littafi ba.

Namu jan abin sha, na halal, daga yakuwa yake fitowa. A da ba a ware mata gona, a kan iyaka ake jera ta don ta raba gonar wani da ta maƙwabcinsa, mata su tsinki ganyenta su yi miya. Tana jure ƙarancin ruwa, ba ta fure sai damina ta juya baya, zoɓon kuma yana nuna ne bayan an ɗaure gero, daidai lokacin da iskar hunturu ta fara kaɗawa. Sai ka tarar da mata zaune a tsakar gida, rassa jibge a gabansu, suna ɓare jan ƙoƙon daga kwanson iri ɗaya bayan ɗaya, yatsunsu sun rine, ƙaiƙayin kwanson yana cin fatar hannu, uwargida tana ce wa 'yarta, "Ke, ja tabarmar nan daga bakin zaure, kada awaki su shiga." Busasshiyar iskar nan ita ce rabin ingancinsa, domin tana shanya shi da sauri kafin ya yi fumfuna, ya fito da launinsa mai duhu da tsaminsa mai kaifi. Irin ma ba a zubarwa, da shi ake daddawar batso. In an jiƙa zoɓon da citta da kanumfari, aka sa sukari, shi ne abin da ake tarbar baƙi da shi ranar suna, shi ne kuma mai azumi ke nema bayan dabino.

A 'yan shekarun nan fatake sun gane darajarsa, suna bin kasuwannin kan iyaka kamar Mai'aduwa da Maigatari suna tara shi, a kai Kano a tsince, a ɗure a buhu, a tura ta jirgin ruwa har Meziko, inda ake shansa ƙwarai. Manoma da yawa sun fitar da shi daga kan iyakar gona sun ba shi fili sukutum. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, in buhun ya bar kasuwa sai a gauraya na wannan jigawa da na waccan, a rubuta masa sunan Nijeriya kurum, mai saye kuma ya biya kuɗi ɗaya ga wanda ya shanya nasa a kan tabarma da wanda ya baza shi a kan yashi.