Daga Anchorage Zuwa Fairbanks: Jirgi Ya Riga Mota

TAMBAYA: Wani mai sauraronmu, ɗan kasuwar hatsi daga yankin Funtuwa, ya rubuto yana cewa: "Don Allah ku ba ni tarihin tafiya tsakanin garuruwan can ƙuryar arewacin duniya, inda ƙanƙara ke rufe ƙasa. Shin mota na zuwa, ko sai jirgin sama?"

AMSA: To malam, mun gode da wasiƙarka. Bari mu ɗauki misalin Alaska, wadda Amurka ta saya daga hannun Rasha a shekarar 1867 kan dala miliyan 7 da dubu 200. Cikin manyan garuruwanta akwai Anchorage a bakin teku, da Fairbanks can cikin tudu. Tsakaninsu wajen kilomita 580 ne, ka ce dai daga Kano zuwa Maiduguri.

Fairbanks ce babba a shekaru. An kafa ta a 1901, da shekara ta zagayo aka gano zinariya kusa da ita, jama'a suka yi ca. A lokacin, kaya ta kogi suke zuwa cikin jiragen ruwa. Da hunturu ya kama kuwa, kogi sai ya daskare, sai dai a bi wata turba daga tashar ruwa ta Valdez, da wani keken katako maras ƙafa wanda karnuka ko dawaki ke ja bisa ƙanƙara. Kwana da kwanaki ake yi, ana yada zango a gidajen saukar baƙi kamar fatakenmu na da. Kai da kake ɗan kasuwa ka san yadda kuɗin gari da gishiri ke kasancewa idan hanya ta zama haka.

Wannan ya sa gwamnati ta soma shimfiɗa dogo a 1915. Ita kanta Anchorage daga bukkokin tamfol na leburorin dogon nan ta samo asali. A 1923 Shugaba Harding ya je garin Nenana ya buga ƙusar zinariya, alamar aiki ya kammala. A 1924 wani matuƙi mai suna Noel Wien ya fara tashi da jirgin sama daga Anchorage zuwa Fairbanks, yana bin dogon da ido don kada ya ɓace.

Hanyar mota ce autarsu. Dalili kuwa, mutane ba su da yawa, ga duwatsu, sannan a wurare da dama ƙarƙashin ƙasa a daskare yake rani da damina. In aka shimfiɗa kwalta, ƙanƙarar ta narke, sai hanya ta lotsa ta yi kunya-kunya kamar gona. Sai lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, saboda fargabar Japan, aka haɗa garuruwan da wata hanya mai zagaye, kimanin kilomita 700. Miƙaƙƙiyar hanyar, wadda ake kira Parks, sai a 1971 aka gama ta.

A yau mota takan yi awa 6 zuwa 7, jirgin ƙasa awa 12, jirgin sama kuwa kimanin awa ɗaya. Mai gaggawa ya bi sama, amma kaya masu nauyi sai dogo da manyan motoci. Da hunturu sanyin Fairbanks kan kai 40 ƙasa da sifiri, har sai an jona mota da lantarki ta kwana, in ba haka ba da safe ba za ta tashi ba.

Da fatan malam ya gamsu. Allah ya ba da kasuwa.