Daga Dandali Zuwa Takobi: Ƙonni, Malbaza da Illela a Tarihin Gasar Kokowa

Duk wanda ya taɓa zama gindin akwatin rediyo a kwanakin gasar kokowa ta ƙasa, wadda jama'a suka fi sani da gasar takobi, ya san sunaye takwas ne kawai ake kira a fage: Agadas, Difa, Doso, Maraɗi, Tawa, Tilaberi, Yamai da Damagaram. Ba a kiran Ƙonni, ba a kiran Illela, balle Malbaza wadda ba ta daɗe da zama gunduma ba. Ɗan kokowar da ya tashi a Tsarnawa ko Dogarawa ko Badagishiri, in Allah ya ba shi sa'a ya kai wannan fage, sunan Tawa ne zai ɗauka a bayansa. Yadda aka yi har lamarin ya kasance haka labari ne da ya shafi sarauta da mulki da iyakokin ƙasa, kuma ya cancanci a rubuta shi domin ƴan baya.

A wasu ƙasashe, kamar Amurka, makarantun sakandare na yanki ɗaya ne ke haɗuwa su kafa ƙungiyar wasanni, su riƙa karawa da juna kowace shekara, wata makaranta ta shigo, wata ta fita. A wajenmu lakwal ta zo da ƙwallon ƙafa da tsere da tsalle, ɗalibai kuma sun yi su gwargwadon hali. Sai dai gasar da ta haɗa samarin wannan yanki tun kaka da kakanni ba ta bi ta ƙofar lakwal ba. Ta dandali ta biyo, kuma membobinta garuruwa ne.

Tarihi ya nuna cewa kokowa wasan kaka ce. Idan damina ta yi kyau, an yanke gero, an ɗaure dammuna, rumbuna sun cika, sai samarin gari su ɗauki makaɗansu su nufi garin maƙwabta. Ba a shiga gari da ganga haka kawai. Sarkin samari ne ke zuwa ƙofar maigari ya yi gaisuwa, ya faɗi abin da ke tafe da su, sa'an nan a ba baƙi masauki, a kai musu fura da tuwo. Da la'asar sakaliya ko da farin wata a share fage, yara su fara, matasa su biyo, manya su rufe. Wanda ya yi kaye ya sami goro da kyauta da guɗar ƴan mata. Wanda aka kayar ya kakkaɓe walkinsa ya jira baɗi, domin wajibi ne garin da aka ziyarta ya rama ziyara. Wannan ramuwa ita ce dukan dokar ƙungiyar. Babu takarda, babu hatimi, amma kowane gari ya san abokan karawarsa, ya san kuma garin da ba a kai masa ganga saboda wata tsohuwar husuma ta gona ko ta rijiya.

Sarakuna su ne iyayen wannan tsari. Sarki kan riƙe gwanin kokowa kamar yadda yake riƙe gwanin doki ko makaɗi, ya tufatar da shi, ya ciyar da shi, domin nasararsa ɗaukakar ƙasa ce. Idan kuma gardama ta tashi a fage, wanda ba abin mamaki ba ne a inda ƙarfi da asiri da idon budurwa suka haɗu, fada ake kai ta.

Abu na farko da ya taɓa wannan zumunci shi ne iyaka. Rundunar Faransa ta ƙone Birnin Ƙonni a 1899, daga bisani Faransa da Ingila suka yi ta ja-in-ja a kan inda mulkin kowa zai tsaya, har aka kafa alamomin iyaka tsakanin 1906 da 1908. Garuruwan da suka saba kai wa juna ganga suka wayi gari wasu na Faransi, wasu na Ingilishi. A nan ya kamata mai karatu ya lura, Illela biyu ce: akwai ta Najeriya da ke fuskantar Ƙonni a bakin iyaka, akwai kuma ta Adar, mazaunin Sarkin Adar, wadda ita ce ake nufi a wannan rubutu. Iyakar ba ta hana ƴan kokowa ƙetarawa ba, har gobe suna ƙetarawa, amma ta yanke hukuncin cewa duk ranar da za a kafa gasa ta hukuma, Ƙonnawa za su fuskanci arewa ne, wajen Tawa, ko da yake Sakkwato ta fi kusa da su. A zamanin Turawa kumandan kan nemi sarakuna su kawo ƴan kokowarsu ranar bikin 14 ga Yuli, ya zauna a inuwa yana kallo. A nan kokowa ta fita daga lokacinta na kaka ta koma bin kalandar hukuma.

Bayan samun mulkin kai, dokar 1964 ta raba Nijar jaha bakwai, ta sanya Ƙonni da Illela a cikin jahar Tawa, tare da Madawa, Buza, Keita da Cintabaraden. Masu wannan doka haraji da shari'a da tsaro ne a ransu, ba wanda ya yi tunanin kokowa. Amma taswirar da suka zana ita ce ta zama jerin membobin gasa bayan shekara goma sha ɗaya.

A watan Afrilu na 1974 soja suka karɓi mulki ƙarƙashin Seni Kunce, ƙasa tana fita daga matsanancin fari. Sabuwar gwamnati ta farfaɗo da samariya, ta nemi abin da zai haɗa Bahaushe da Bazabarme da Babarbare da Buzu da Bafillace a fage ɗaya ba tare da tafinta ba. Kokowa ta amsa wannan bukata. A 1975 aka yi gasar ƙasa ta farko, a garin Tawa kuwa aka yi ta, abin da ya isa mutanen wannan jaha alfahari. Sai dai baƙo ne ya tafi da nasara: Yakuba Ango Kantu na Maraɗi, Allah ya ji ƙansa. Daga nan gasar ta riƙa zagayawa jaha zuwa jaha, kuma a shekarun farko Tawa ta rama da Kadade, wanda sunansa ke jere da na Kantu da Salma Ɗan Rani na Doso da Langa-Langa na Damagaram a bakin duk dattijon da ya ga wancan zamani.

Tsarin gasar yana da sauƙin faɗa da wuyar cikawa. Kowace jaha tana kawo mutum goma. Jahohi su yi ta karawa da juna kwana da kwanaki, kuma duk wanda aka kayar sau ɗaya ya fita daga neman takobi, ko da zai ci gaba da kokowa domin jaharsa. Waɗanda bayansu bai taɓa ƙasa ba su ne ke haɗuwa a ƙarshe har a sami gwani ɗaya. Abin lura shi ne kyautar da ake ba shi: takobi, da rawani, da babbar riga, da doki da kayansa, bayan kuɗi. Waɗannan duka kayan sarauta ne. Gwamnati ta karɓi kokowa daga hannun sarakuna, amma da ta zo karrama gwani ba ta sami abin da ya fi kayan fada daraja a idon talakawa ba, har ma ta kira shi sarkin ƴan kokowa. A ganina wannan shaida ce babba a kan inda tushen abin yake.

Membobin gasar sun ƙaru sau ɗaya tak. A ƙarshen shekarun 1980 aka raba tsohuwar jahar Yamai, birnin ya tsaya da kansa, sauran ƙasar ta zama jahar Tilaberi. Bakwai ta koma takwas, ƴan kokowa saba'in suka koma tamanin, kuma a nan adadin ya tsaya. Ba kowace shekara aka samu yin gasar ba. Wadda aka yi a Agadas a watan Disamba na 2023, inda Isaka Isaka na Doso ya ɗauki takobinsa na shida, ita ce ta 44, alhali an shekara 48 da farawa.

A ƙasa kuwa, wajen gundumomi, canjin ya fi yawa, kuma shi ya fi shafarmu. Jahar Tawa tana da gunduma takwas a shekarun 2000. A 2011 aka ƙara yawan gundumomin ƙasar daga 36 zuwa 63, Tawa ta koma tana da 12. A wannan rabo ne aka cire Malbaza, garin masana'antar siminti, tare da ƙasar Dogarawa da Galmi mai albasa, daga Ƙonni. Aka bar wa Ƙonni Tsarnawa da Bazaga da Allela. Haka nan aka cire Bagaruwa daga Illela, aka bar mata Badagishiri da Tajaye. Tun da ta gundumomi ake bi wajen tace goman da za su wakilci jaha, samarin da jiya suke tawaga ɗaya yau sun zama abokan hamayya. Wannan yana da amfaninsa, domin yaron ƙauye da a da ba zai sami gurbi ba saboda cunkoso yanzu yana da ƙofa kusa da gida. Amma kujerun da ke sama ba su ƙaru ba. Gunduma goma sha biyu da birnin Tawa suna neman gurbi goma, ke nan ko da an yi rabon adalci sai wata ta koma hannu wofi, balle kokowa ba ta san rabo ba.

Daga nan ne wata matsala ta samo asali. Ɗan kokowar da ya ga hanya ta toshe a gida yakan nemi wata jaha da ke da ƙarancin gwanaye da yalwar masu ɗaukar nauyi, ya shiga fage da sunanta. Ba sabon abu ba ne a gasar takobi mutum ya sauya jaha, kuma ba na ganin laifin wanda ya bi inda za a kula da cinsa da iyalinsa. Kokowa sana'a ce mai gajeren kwana. Amma garin da ya raine shi, da dattijon da ya koya masa taɗiya da kamun ƙugu, ba su da rabo a takarda. Inda kawai sunansu ke fitowa shi ne kirari, lokacin da ɗan kokowa ya ɗaga hannu ya ambaci garinsu da ubansa da malaminsa, ko kuwa a bakin mawaƙa irin su Sagalo. Ba don kirari ba, da tarihin kokowar ƙauyuka ya ɓace gaba ɗaya.

Matsala ta biyu ta fi wannan tsanani, ita ce cin rani. Ƙasar Adar ta daɗe da sanin tafiya, kuma lokacin tafiyar shi ne daidai lokacin kokowa. Da an kai hatsi rumbu, samari sun hau mota zuwa Najeriya ko Abijan ko Libiya. Garin da ƙarfafansa suka tafi ba ya kai ganga, ba ya karɓar ganga, ramuwar ziyara kuma in ta tsinke shekara biyu ko uku da wuya ta ƙullu. Jahar Tawa ba ta daina fitar da zakaru ba. Haruna Abdu ya ɗauki takobi sau biyu a jere a shekarun 2000, Yahaya Kaka kuma ya ɗauke shi a gida, a gaban jama'arsa. Duniya ma ta ga kokowarmu a wasannin ƙasashe masu amfani da Faransanci da aka yi a Yamai a 2005. Sai dai duk wannan saman bishiya ne. Gwanin da ke cika fili da jama'a ba a filin ya koyi kokowa ba.

Jahohi sun san darajar suna, shi ya sa suka raɗa wa filayensu sunayen mazajensu: na Maraɗi sunan Kantu, na Doso sunan Salma Ɗan Rani, na Damagaram sunan Langa-Langa, na Tawa sunan Hamidin Mai Dare. Na Yamai ma an ba shi sunan Isaka Dabore, ɗan damben zamani da ya samo wa Nijar lambar tagulla a wasannin Olamfik na 1972. Abin da ya rage shi ne na ƙasa da wannan. A kowace fada ta Ƙonni da Dogarawa da Illela akwai dattawan da za su iya lissafa garin da ke kai wa wane gari ganga, da gwanin kowane zamani, da shekarar da aka daina. Magatakardan fada da littafi guda sun isa wannan aiki, kuma mafi yawan waɗanda suka ga gasar 1975 da idonsu a yau sun haura shekara sittin.