Biran da Muka Manta a Tarihin Shan Inna

In mun tashi rubuta yadda aka ayyana ganin bayan asalin ƙwayar cutar shan inna a Afirka a 2020, likitoci muke yabawa da matan da ke bin gida-gida da ɗigo. Birai kuwa ko ambatonsu ba ma yi.

A 1908, a birnin Biyana, Karl Landsteiner ya ɗebi lakar wani yaro da cutar ta kashe ya sa wa birai, suka kamu. Daga nan aka samu dabbar gwaji. Rigakafin Jonas Salk na 1955 ma da ƙodar biri aka riƙa haɗa shi, don haka aka yi ta kwaso dubban birai daga Indiya zuwa Amurka ana kashewa.

Amfani kam an samu. Duk wanda ya tashi unguwa ɗaya da gurgu ba sai an faɗa masa ba. Sai dai gwajin ya taɓa ɓatar da masana. Ganin biri na kamuwa ta hanci, suka ɗauka haka mutum yake, alhali ta baki cutar ke shigarsa. A 1937 aka fesa wa dubban yara magani a hanci a Toronto. Bai kare su ba, wasu ma suka daina jin ƙamshi.

Indiya ta daure kan cinikin muddin don magani ne. Da ta ji sojojin Amurka na gwada tururin nukiliya a kan biranta, sai ta hana fitar da su a 1978.